Yadda Ake Shawo Kan Mai Gida Ya Ba Ka Haya Alhali Kana da Kare

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Kaduna ko Kano yana da kare ya san yadda maganar take ƙarewa. An ga gida, an yaba, an kusa daidaitawa kan kuɗi, sai ka ce "af, ina da kare," nan take fuskar dillali ta canza. Haɗa masu gida da 'yan haya sana'ata ce, kuma ni ma ina kiwon karen gadi, saboda haka na sha shiga tsakani a irin wannan magana. Mai gidan da ya ce a'a yawanci abu biyar ne a ransa: cizo, haushin dare, ƙazanta da najasa, ɓarnar gida, da ƙorafin maƙwabta wanda a ƙarshe kansa zai dawo. Ɗan hayar da ya zo da amsar kowanne a hannunsa tun ba a tambaye shi ba, kuma ya yarda a rubuta, shi ne yake samun gida. Ga yadda ake yi.

Abubuwan da za ka tanada

- Katin rigakafin kare. Shi ne gaba da komai. Ya nuna allurar ciwon haukan kare da ba ta wuce shekara ɗaya ba, da kwanan wata, da lambar kwalbar maganin, da hatimi da sa hannun likitan dabbobi.
- Hoto da ɗan bidiyo a waya. Hoton karen a tsaye kusa da mutum don a ga girmansa na gaskiya, da bidiyon minti ɗaya yana zama in an ce ya zauna, yana shiga kejinsa in an umarce shi.
- Takardar shaida daga mai gidanka na baya, da lambar wayarsa, in ya amince a kira shi. Layi uku sun isa: ya zauna shekara kaza, yana biya a kan lokaci, karensa bai taɓa jawo rigima ba.
- Keji na ƙarfe mai rufi, irin wanda masu walda ke haɗawa, ana kwancewa a ɗauke. Ko hotonsa in kana da shi, ko zanensa da awonsa.
- Takunkumi, igiyar ja mai ƙarfi, da abin wuya.
- Kayan tsafta na kare shi kaɗai: cebur, tsintsiya, bokiti mai murfi, kwanonsa biyu, da maganin wanke ƙasa irin su Izal ko Hypo.
- Kuɗin ajiya na ɓarna, ware daban da kuɗin haya da la'adar dillali.
- Daftarin sharuɗɗa a takarda ɗaya, kwafi biyu.
- Mutumin da zai tsaya maka, wanda mai gidan yake jin nauyinsa.
- Wurin da karen zai koma in abin bai yiwu ba: gidan ɗan'uwa, gona, ko wurin aiki. Kada ka fara magana da kowa sai ka san wannan wurin, domin za a zo kansa.

In ba ka da takardar tsohon mai gida, ko don wannan ne hayarka ta farko, ko don ba ku rabu da daɗi ba, nemi shaidar mai unguwarku, ko maƙwabcin da kuka haɗa katanga, ko likitan da ke duba karen. Ta maƙwabci ta fi tasiri, domin shi ne wanda haushi zai hana barci.

1. Gyara karen tun saura wata guda

Kai shi asibitin dabbobi na gwamnati ko wurin likita mai rajista. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'o'in Sakkwato da Maiduguri, kuma kowane babban birnin jiha yana da asibitin dabbobi. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar haukan kare in ya kai wata 3, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Allurar takan ɗauki mako uku zuwa huɗu kafin ta kama jiki, shi ya sa na ce wata guda. Mai gida mai lura zai duba kwanan wata, in ya ga jiya aka yi, ya san don shi aka yi.

Kada ka ba masu yawo da jaka su yi masa allura a bakin hanya. Maganin yana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi shi har ya shiga jikin kare, maganin da kuwa ya wuni a rana ya lalace, ka biya kuɗi karenka kuma bai samu kariya ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa wannan allura, akwai kuma ta waje. In kuɗi ne matsala, ka sa kunne wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, lokacin da ake yawan shirya rigakafi kyauta.

A wannan zuwan ka sa a ba shi maganin tsutsar ciki, wanda ake maimaitawa duk wata uku, a kuma duba kaska da ƙuma. Kaska tana hawa bango ta ɓuya a tsagar siminti, kuma in ta cika gida fitar da ita aiki ne babba. Masu gidan da suka taɓa gani ba sa mantawa.

In karya ce, ka sani takan yi zafi, wato neman barbara, kamar sau biyu a shekara, kowanne kusan mako uku, kuma a wannan lokaci karnukan unguwa kaf za su tare a ƙofar gidan suna faɗa. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, sai ka wayi gari da 'yan kwikwiyo shida a gidan da aka yarje maka kare ɗaya. Yi shawara da likita kan aikin hana ta haihuwa, ko ka tanadi inda za ka kai ta a irin wannan lokaci.

2. Zaɓi gidan da maganar za ta yiwu

Nan ne mutane suka fi ɓata lokacinsu. Gidan haya mai ɗaki-ɗaki, inda iyali shida ke haɗa tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ba wurin kare ba ne, ko da mai gidan ya yarda. Yara na rarrafe a ƙasa, mata na wanke-wanke, butoci a jere bakin rariya, ga kajin wata ga akuyar wani. Ko ni ne mai gidan ba zan yarda ba, kuma ba na kai mai kare irin wannan gida.

Nemi gida mai katangarsa da get ɗinsa shi kaɗai. In bai samu ba, nemi filat na ƙasa ko baskwata mai lungu a baya wanda za a iya tarewa da ƙofar ƙarfe. Bene na sama ba ya yi wa babban kare, domin sai an bi da shi ta matakalar kowa sau biyu a rana.

Unguwa ma tana da tasiri. A Kaduna maganar ta fi sauƙi a Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Malali ko Unguwar Rimi fiye da Tudun Wada ko Rigasa. A Kano ta fi sauƙi a Sabon Gari, Bompai ko Nasarawa fiye da cikin birni. Sababbin unguwannin bayan gari, inda gidaje ke nesa da juna kuma kango ya yi yawa, nan ne masu gida da kansu suke son a ce akwai kare. A rukunin gidaje masu get ɗaya irin na Abuja kuwa, ƙungiyar mazauna tana da dokokinta, kuma in ta hana, yardar mai gida ba za ta fisshe ka ba. Karɓi dokokin ka karanta kafin komai.

Ranar duba gida, ka zagaya da idon mai kare. Duba tsayin katanga, da ko akwai tarin bulo ko tanki kusa da ita da zai taka ya tsallake. Duba gibin ƙasan get, ko kansa zai iya fita. Nemo inda za ka sa keji: wuri mai inuwa, nesa da rijiya da famfo da inda ake alwala, nesa da tagar ɗakin kwanan maƙwabci, kuma ruwan wankinsa ya gangara sokawe, kada ya bi kwatar da ke fita titi inda mutane ke takawa su tafi masallaci. Ɗauki hoton wurin, za ka nuna wa mai gida.

3. Gano mai cewa a gidan

Dillali ba shi da ikon ba ka izinin kare. Wasu za su ce maka "ba komai, ka shiga kawai, Alhaji ba ya zuwa," domin la'adarsu suke hange, wadda galibi kashi 10 ne cikin ɗari na hayar shekara. In rigima ta tashi ba za ka gan su ba. Faɗa wa dillalin tun ranar farko cewa kana da kare don ya rage maka yawo, amma izini daga bakin mai gida za ka ji shi, ko daga lauyansa ko wakilinsa da ke da ikon sa hannu. In gidan gado ne, tambayi wanda magada suka wakilta, domin yardar ɗa ɗaya ba ta ɗaure sauran.

Kuma kada ka biya ko sisi kafin a gama wannan magana. Wanda ya biya sannan ya faɗa ya sa mai gida a tsaka mai wuya, kuma mutum in ya ji an yi masa dabara, ko abin da da zai yarda da shi sai ya ƙi. Ɓoyewa kuwa ba ta yiwuwa, daren farko karen zai tona ka.

4. Zama da mai gida

Je da kanka, kada ka yi ta waya, kada kuma ka je da karen. Zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, kamar bayan La'asar. Kada ka tare shi a majalisa cikin abokansa, domin a gaban mutane dole ya ce a'a ko don kada a ce Alhaji wane ya sa kare a gidansa. In Hajiya ce mai gidan, tafi da matarka ko yayarka. Bari wanda ya rako ka ya gabatar da kai, a gaisa sosai, ka faɗi aikinka da yawan iyalinka, a yi maganar haya ta fahimci juna. Sai ka kawo ta kare da bakinka:

"Alhaji, akwai magana ɗaya da nake so ka ji daga bakina kafin a yi maganar kuɗi. Ina da kare ɗaya na gadi, shekararsa uku a hannuna. Ga katin allurarsa, ga hotonsa. Ba ya shiga ɗaki, a keji yake wuni, sai dare ya yi nake sakinsa a cikin gida, kafin kiran assalatu na mayar da shi. In ka ba ni dama zan nuna maka inda nake son ajiye shi. In kuma abin bai kwanta maka ba, gidanka ne, ba zan ji haushi ba."

Daga nan ka yi shiru. Kada ka cika shi da surutu. Bari ya faɗi abin da ke damunsa, domin shi za ka amsa, ba abin da ka haddace ba.

In ya ce cizo, nuna kati da takunkumi, ka ce duk abin da karen ya yi a wuyanka yake kuma za ka sa hannu a kan haka. In ya ce haushi, ba shi lambar tsohon maƙwabcinka ya kira. In ya ce ɓarna, kawo maganar kuɗin ajiya. In ya ce maƙwabta, ka ce za ka bi su ɗaya-ɗaya kafin ka tare. In ya ce an taɓa yi masa, tambaye shi abin da ya faru, ka saurara har ƙarshe, domin a cikin labarin nan sharaɗin da zai gamsar da shi yake.

Kalmomi biyu ka guje musu. Ta farko "ba ya cizo." Duk kare yana cizo in an taka shi, ko yana ciwo, ko an taɓa abincinsa, kuma dattijo ya san haka. Ka ce bai taɓa cizon kowa ba, in gaskiya ne, sannan ka faɗi abin da kake yi don kada ya faru. Ta biyu "ɗan ƙarami ne." In kwikwiyon Boerboel ne ko Rottweiler ko karen Jamus irin na 'yan sanda, faɗi girman da zai kai nan da shekara. Ƙaramin ma ya fi babba ɓarna, domin har ya kai wata shida zuwa bakwai yana canjin haƙori, yana tauna ƙofa da tiyo da wayar janareta.

Maganar tsaro tana taimakawa, amma kada ka zuzuta. Faɗi abin da yake gaskiya, cewa haushinsa yana tashin mutane in an taɓa get ko an hau katanga, kuma ɓarawon famfo da mita da batirin sola ya fi son gidan da yake shiru. Kada ka yi alkawarin ba za a taɓa sata ba.

Kada ka nemi amsa a ranar. Bar masa kwafin kati da daftarin sharuɗɗa, ka ce za ka dawo jibi. Da yawa sai sun shawarci uwargida ko malaminsu. In ya nemi ganin karen, gayyace shi inda kake zaune yanzu, bayan ka fita da karen ya gaji kuma ya ci abinci, yana cikin keji ko a igiya. Abin da mai gidan zai fi dubawa shi ne ƙasan wurin, kuma hancinsa ne zai yanke hukunci.

5. In maganar addini ta taso

Za ta taso, kuma dole ka san ta ko kai ba Musulmi ba ne, domin mai gidan da maƙwabtan da ita suke auna abin. Hadisai ne ingantattu a Buhari da Muslim: mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba ana rage masa lada kullum, kuma in kare ya yi lallagi a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a ƙasar Hausa, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wankin bakwai ɗin bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi in akwai buƙata. Masu sharhin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, sun kawo cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye.

Na kawo wannan don ka san inda kake tsaye, ba don ka je ka yi wa dattijo wa'azi a zaurensa ba. Wanda ya ci mai gida da hujja ya rasa gida. Abin da ke amfani shi ne ka nuna masa a aikace ka girmama abin da yake girmamawa: karen na gadi ne, ba ya shiga ɗaki, kwanonsa daban, ba ya kusantar buta ko shanya ko wurin salla. In ya ce zai tambayi malaminsa, ka ce madalla. In kuma ya ce shi dai zuciyarsa ba ta natsu ba, yi masa godiya ka nemi wani gida. Kada ka ƙara kuɗi don ka sayi abin da mutum ya bari saboda Allah, cin fuska ne. Haka wanda kare ya taɓa cizon ɗansa, ba a jayayya da shi.

6. Bi maƙwabta

Kafin ka tare, gaida na dama da na hagu da na baya, da sauran 'yan haya in akwai, sannan mai unguwa. Faɗa musu lokacin da kake sakin karen, ba su lambar wayarka, ka ce in ya dame su kai za su fara kira, ko tsakar dare ne. Tambayi wanda ke da kaji ko tumaki. Ƙorafin da ya zo wurinka kai tsaye ana kashe shi a ranar, wanda ya bi ta wurin mai gida kuwa yakan zama takardar tashi.

7. Kuɗi da rubutu

Kada ka fara da tayin ƙarin kuɗin haya. Ƙarin haya ba ya dawowa, kuma a kansa za a ɗora ƙarin baɗi. Ka yi tayin kuɗin ajiya da za a mayar maka ranar tashi in ba a yi ɓarna ba. Ni nakan ba da shawarar kwatankwacin hayar wata ɗaya zuwa biyu, wato ka raba ta shekara gida 12 ka samu ta wata ɗaya. A rubuta masa rasit nasa daban, a ambaci ko na mene ne. In ba ka da kuɗin a hannu, nemi a raba biyu, ko ka ɗauki nauyin wani gyara da gidan ke buƙata kuma karen ma yana buƙata, kamar toshe ƙasan get, ko daɓe lungun baya da siminti.

In har yanzu yana ɗari-ɗari, kawo gwajin wata uku. Nan ka kula sosai: a rubuta cewa in gwajin bai yi ba, kare ne zai bar gidan, ba kai ba. In ba a fayyace ba, za ka iya rasa gida da sauran kuɗinka. Wurin da na ce ka tanada tun farko, amfaninsa ke nan.

Sharuɗɗan su shiga cikin yarjejeniyar haya, ko a maƙala su a jikinta kowa ya sa hannu. Karanta yarjejeniyar da kyau, domin yawancin waɗanda lauyoyi ke bugawa suna da layin da ya hana ajiye dabba ko damun maƙwabta. In yana nan, a soke shi a sa hannu a gefe, in ba haka ba rubutun zai rinjayi abin da aka faɗa da baki. Ga abin da nake sawa:

- Mai gida ya amince da kare ɗaya, namiji ko mace, iri kaza, launi kaza. Ba a ƙara wani sai da sabon izini a rubuce.
- Karen zai zauna a keji a wuri kaza, ba ya shiga ɗakuna. Ana sakinsa a cikin gida daga ƙarfe 10 na dare zuwa kafin kiran sallar farko.
- Ba ya fita waje sai da igiya da takunkumi, a hannun babba.
- Ɗan haya zai kawo kwafin katin rigakafi duk shekara lokacin sabunta haya.
- Duk cizo ko ɓarna ko kisan dabbar wani, ɗan haya ne zai biya, har kuɗin asibiti.
- In an kawo ƙorafi, za a sanar da ɗan haya a ba shi kwana 14 ya gyara. In ya maimaitu, zai fitar da karen cikin kwana 30, hayarsa kuma tana nan.
- Kuɗin ajiya naira kaza, za a mayar cikin kwana kaza bayan tashi, a cire kuɗin gyaran da aka gani da ido.

Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya nasa ɗaya naka. In mai gidan ba ya son takarda, ya ce shi maganarsa ta isa, kada ka ja da shi. Ka ce saboda halin rayuwa ne da magada, a yi a gaban mai unguwa ko limami, ko ka tura masa sharuɗɗan ta WhatsApp ya amsa da muryarsa. Ka kuma sani, a Abuja da jihohi da dama, ɗan hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, na wata-wata kuma wata ɗaya, sai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Saboda haka duba ko an rage wannan wa'adi a takardarka.

Ranar karɓar makulli ku zagaya tare da wakilinsa, ka ɗauki hoton ƙofofi, ragar taga, fenti, bututun ruwa da tayil, ka tura masa a ranar. Ƙofar da gara ta ci tun kafin ka zo, in ba hoto, karenka za a ɗora wa.

8. Bayan ka tare

Makonni biyun farko su ne masu wuya. Kare a baƙon wuri yana yawan haushi da kuka, kuma a lokacin ne kowa ya kasa kunne. Tare a ƙarshen mako don ka kasance a gida, kawo tsohon buhun da yake kwanciya a kai, ka fita da shi da sassafe da kuma dare ya gaji. Karen da ke haushi ba dalili yawanci ko ɗaure yake wuni guda, ko yunwa, ko ƙishirwa, ko yana hango masu wucewa ta ƙasan get. Ɗaure dabba a rana ba ruwa zalunci ne ko ba maganar haya, kuma irin wannan karen ne yake zama mafaɗaci.

Kwashe kashinsa safe da yamma, a ɗaure a leda a sa a bokiti mai murfi, a wanke daɓen da magani. Da damina a ƙara kula, wari yana tashi. Liƙa sanarwa a get da Hausa da Turanci cewa akwai kare, a ƙwanƙwasa. Ka tuna da masu shigowa ba sallama mai ƙarfi: almajiri mai ɗaukar kwano, mai garuwa, mai kwasar shara, ma'aikatan wuta, yaran maƙwabta da ƙwallonsu ta faɗo. Saboda su ne keji yake da kwaɗo da rana, kuma saboda masu fita sallar Asuba ne ake mayar da shi kafin assalatu.

In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, da katin karen a hannunka. Kada a tsaya shafa gashin kare ko toka ko wani magani na gida. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kada a kashe karen cikin fushi, a killace shi likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10. Biya kuɗin magani ba tare da an roƙe ka ba, je ka duba mara lafiya, kuma ka kira mai gida da kanka kafin labari ya riga ka.

9. In kana cikin gidan tuni, ko za ka tashi

Wanda ya riga ya zauna a gida sannan yake son kawo kare yana da abin da baƙo ba shi da shi, wato an san halinsa. Kawo maganar lokacin da ka je biyan sabuwar haya a kan kari, ba lokacin da ake binka bashi ba, kuma kafin ka sayi karen. In ka riga ka kawo shi a ɓoye, mayar da shi wani wuri tukuna, ka je ka ba da haƙuri, sannan ka bi matakan nan daga na farko.

In lokacin tashi ya yi, kwance kejin, cike ramukan da ya tona, gyara ragar da ya yaga, a yi feshin kaska a lungun da bangonsa, a shafa fenti inda jikinsa ya goge. Kira mai gida ko wakilinsa ku zagaya da hotunan ranar shiga a hannu, a cire abin da za a cire, ka karɓi sauran ajiyarka. Kafin ka miƙa makulli, roƙe shi ya rubuta maka takardar shaida ya ambaci karen a ciki, ya sa kwanan wata da lambar wayarsa.